Kafin Ka Buɗe Baki, Buɗe Littafi

Da yawa daga cikin Kiristocin da ke kukan addu'a ta yi musu nauyi, ba ƙarancin bangaskiya ke damunsu ba. Mutum zai durƙusa da kyakkyawar niyya, ya gode wa Allah da ya tashe shi lafiya, ya roƙa wa iyalinsa tsari, ya ambaci kuɗin makarantar yara da ciwon ƙafar tsohuwa, kafin minti uku magana ta ƙare. Daga nan zuciya ta tafi kasuwa ko gona, gwiwa ce kawai ta rage a ƙasa. Gobe haka, jibi haka, kalmomin jiya su ne na yau, har ya fara jin kunyar kansa. Ƙarshenta sai ya jingine abin gaba ɗaya, ya jira Lahadi fasto ya yi masa.

A ganina matsalar tana wurin farawa. A koyarwar Kirista, Allah ne yake fara magana, mutum ya amsa. Shi ya kira Ibrahim daga ƙasarsu, shi ya kira Musa a jeji, shi ya kira yaro Sama'ila cikin dare. Wanda ya zo addu'a bai saurari kome ba, dole abin faɗarsa ya ƙare da wuri, don bukatun mutum ɗaya ba su da yawan da za su cika kwanakin shekara ba tare da maimaici ba. Saboda haka tsarin da zan bi a nan shi ne wanda ikkilisiya ta daɗe a kansa: a ji Maganar Allah, a amsa da addu'a, sa'an nan a kai abin cikin taron 'yan'uwa.

Sai an fara da lokaci, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta a idon mutane. Sabon Alkawari bai yanka wa Kirista sa'o'in addu'a na dole ba. Wannan 'yanci ne, amma ga mai sakaci yakan zama rami, don abin da aka ce a yi shi kowane lokaci yakan ƙare ba a yi shi ko sau ɗaya ba. Daniyel, yana babban ma'aikacin gwamnati a ƙasar da ba tasa ba, sau uku yake durƙusawa a yini, dokar sarki ma ba ta sa ya canja ba. Markus kuma ya nuna a surarsa ta farko cewa bayan yinin da Yesu ya yi yana koyarwa da warkarwa a Kafarnahum har dare, ya tashi tun da sauran duhu ya fita inda ba kowa don ya yi addu'a. A yawancin garuruwanmu ba a ma bukatar agogo, kiran sallar asuba na maƙwabtanmu Musulmi ya isa ya tashe ka, kuma lokaci ne da gida ke shiru, yara ba su farka ba. Amma ba kowa asuba za ta yi wa ba. Nas da ta kwana aiki, direban da ya bar tasha tun dare, manomi a tsakiyar damina, kowa ya duba yininsa ya ga inda ƙofa take. Abin da ake nema lokaci ne guda sananne, wanda jiki zai saba da shi. Minti goma sha biyar da aka riƙe kullum ya fi sa'a biyu da ake yi sau ɗaya a wata idan wa'azi ya taɓa zuciya. Wayar hannu kuma, in ba a cikinta kake karatu ba, a bar ta a wani ɗaki.

To, an zauna, Littafi Mai Tsarki yana hannu. Ina za a buɗe?

Sabon mai karatu yakan ce bari ya fara daga bangon farko. Littafin Farawa zai tafi da shi da daɗi, haka rabin Fitowa. Da ya shiga awon alfarwa da dokokin hadayu na Littafin Firistoci, sai ƙafa ta yi sanyi. Ba laifin waɗannan littattafai ba ne, suna da wurinsu, kuma wanda ya karanta wasiƙar Ibraniyawa zai gane amfaninsu. Sai dai ba ta nan baƙo ya kamata ya shigo ba. Shawarata a fara da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin huɗun, sura 16, labari yana bin labari ba tsayawa. Daga ita a wuce Luka, a zarce Ayyukan Manzanni, tun da marubucinsu ɗaya ne kuma na biyun ci gaban na farko ne. A haɗa da Zabura guda kowace rana. Wanda ya riga ya saba, yana so ya sauke Littafin duka, lissafin ba wuya: littattafai 66 da ke hannun yawancin ikkilisiyoyinmu suna da sura 1,189, in ya karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai gama cikin shekara. 'Yan'uwanmu Katolika nasu littattafan 73 ne, sai su ɗan ƙara. Amma kada saukewa ta zama tsere. Na fi son mutum ya yi mako a kan sura ɗaya ta shige shi, da ya keta littafi biyar bai riƙe kome ba.

Akwai abin da ya kamata kowane mai karatu ya sani game da lambobin nan da ke cikin Littafin. Marubutan ba su sa su ba. Bulus wasiƙa ya rubuta wa mutanen Filibi, ba ayoyi masu lamba ba. Rabon surori da muke bi an yi shi ne a ƙarni na 13, ana danganta shi da Sitifin Lanton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robat Estiyen, ya sa su a 1551. Sun sauƙaƙa nema ƙwarai. Illarsu ita ce sun koya mana tsinke aya guda daga cikin 'yan'uwanta, mu ɗora mata ma'anar da muke so. Ɗauki Littafin Ayuba. Surori da yawa a cikinsa jawabin abokan Ayuba ne, suna nace masa cewa wahalarsa sakamakon zunubinsa ce. A sura ta 42 Allah da kansa ya tsawata musu, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Wanda ya buɗe Littafi da ka, idonsa ya faɗa kan maganar Elifaz, ɗaya daga cikin abokan nan, ya ɗauke ta ya kai wa mara lafiya a asibiti, ya kai masa abin da Allah ya riga ya ƙi. Don haka a karanta sakin layi sukutum, a duba wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan. A kuma san irin rubutun da ake karantawa. Karin Magana hikimar zaman duniya ce, tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya, ba a riƙe kowace ayarta kamar takardar alkawari. Wahayin Yohanna cike yake da alamu, an rubuta shi ga ikkilisiyoyi bakwai da ke cikin matsi a ƙasar da yau take cikin Turkiyya, kuma wanda ya mai da shi kalandar ƙarshen duniya zai ruɗa kansa ya ruɗa wasu.

A nan dole in faɗi abin da ke ci mini rai. Akwai gidajen da Littafi Mai Tsarki ke kwana ƙarƙashin matashin jariri don tsari, ko a gaban mota kusa da gilashi, rana ta ƙone bangonsa, amma ba a taɓa buɗe shi ba. Wannan mai da shi laya ne. Takarda da tawada ba sa korar kome. Kuma in aka tuna yadda ya zo hannunmu, abin ya fi zafi. Likita Walter Mila, ma'aikacin mishan na Anglikan da ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na 20, ya yi shekaru masu yawa a kan fassarar, tare da mataimakansa Hausawa da ma'aikatan sauran mishan, kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Da wannan fassarar aka yi wa'azi daga Wusasa zuwa Jos, Kagoro, Kaltungo, Zuru, Numan, har Tsibiri da Maraɗi a Nijar. Mutane masu harsuna barkatai, da ba sa jin yaren juna, suka zauna a benci ɗaya saboda ita. Kakanni da yawa sun koyi baƙi da wasali a ajin shirin baftisma, da girmansu, don kawai su iya karanta ta da kansu. An sake fassara a 1979 da Hausar da ta fi kusa da ta yau, wasu fassarorin kuma sun biyo baya. Wanda ke da biyu ya ajiye su gefe da gefe, inda ɗaya ta yi duhu sau da yawa ɗayar takan haska. Wanda bai iya karatu ba kuma ba a bar shi a baya ba, akwai karatun murya a waya, akwai jika da zai karanta wa kaka. Ai mutanen farko da aka aika wa waɗannan littattafai, yawancinsu da kunne suka karɓe su.

Yadda za a yi karatun kansa ba wani sirri a ciki. Karanta wurin sau biyu, na biyun da murya in hali ya yi, don baki yana rage wa ido gudu. Sa'an nan ka tambayi kanka abin da wurin ya nuna game da Allah, kafin ka tambayi abin da ya ce game da kai. Wannan jeri yana da muhimmanci, don mun saba neman kanmu a kowane shafi. Daga ƙarshe ka nemi abu guda da za ka yi ko ka bari a yinin nan. Guda ɗaya tak, wanda za a iya gani: bashin da za ka biya, gaisuwar da ka yanke za ka mayar, awon da za ka cika a shago. In ka gamu da abin da ya fi ƙarfinka, rubuta shi a gefe ka kai wa fasto ko wani dattijo. Ma'ajin sarauniyar Habasha, babban mutum a cikin karusarsa, bai ji nauyin gaya wa Filibus cewa yana bukatar mai bayani a kan Ishaya ba.

Yanzu aka iso addu'a, kuma mai karatu zai ga ba hannu wofi ya iso ba. A 1535 Martin Luta ya rubuta wa wanzaminsa, wani mai suna Bitrus, ɗan littafi a kan yadda shi kansa yake addu'a. Ya tuna masa cewa wanzamin da ke aski yana hira yana waige-waige zai yanki mutum, haka addu'a take son hankali wuri ɗaya. Hanyar da ya ba shi ita ce ya ɗauki abin da ya karanta ya murɗa shi sau huɗu: koyarwa, godiya, tuba, roƙo. Bari mu gwada da ƙarshen Markus sura 4, inda hadiri ya taso wa almajirai a teku, Yesu yana barci a jirgi, suka tashe shi a firgice, ya tsawata wa iska ta kwanta. Koyarwar ita ce iska da ruwa suna jin muryarsa, kuma kasancewarsa a jirgi bai hana hadirin tasowa ba. Godiya: ka tuna kowane hadiri da Allah ya riga ya fisshe ka daga cikinsa, ka ambace shi da suna, haihuwar nan mai wuya, shekarar da gona ta ƙi. Tuba: ka faɗi gaskiya cewa kai ma ka zarge shi da rashin kula a makon nan, ko da ba ka furta ba. Roƙo: ka kawo hadirin da kake ciki yanzu, da na maƙwabcinka. Ka ga minti goma sun wuce ba ka sani ba, kuma gobe, da yake wurin karatun dabam ne, addu'ar ma za ta zama dabam.

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda ke Matiyu 6 da Luka 11, yara ma sun haddace ta, shi ya sa muke zuba ta da gudu. A rage sauri a lura da jerinta. Sunan Allah da mulkinsa da nufinsa su suka zo gaba, sa'an nan abinci, da gafara, da tsari daga gwaji. Abincin ma na yini ɗaya ne. Gafarar kuma an ɗaure ta da wadda mai roƙon yake yi wa wasu. Mutum zai iya tsayawa a kan kowace gaɓa ya faɗaɗa ta da kalmominsa, ta ishe shi addu'ar safiya guda.

Akwai kuma ranakun da baki ba ya buɗuwa sam, kuma a ƙasarmu ba kaɗan ba ne. Ikkilisiyar EYN, wadda ta faro a Garkiɗa a 1923, ta ga an ƙone majami'unta masu yawa a rikicin Boko Haram, kuma yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a 2014 'ya'yanta ne. Musulmin yankin ma sun binne nasu ba adadi. Me uwa za ta ce wa Allah a irin wannan dare? Don irin wannan ne aka ba mu Zabura. Cikin 150 ɗin nan, kuka da ƙara sun ɗauki kaso babba. Ta 13 tambaya ce ta wanda ya gaji da jira. Ta 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, ba ta juya zuwa yabo ba ko a aya ta ƙarshe, kuma aka bar ta cikin Littafin. Wannan izini ne ga mai baƙin ciki ya faɗa wa Allah abin da ke ransa ba tare da ya yi masa kwalliya ba. Masu cewa Kirista na gaske ba ya kuka, ko kuma duk addu'ar da ba a amsa ba rashin bangaskiyar mai ita ne, su koma su karanta. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa abin da ke sukarsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗauka. Ubangiji kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya miƙa wuya ga nufin Uba, ya sha. Duk wanda ya ce maka yana da mai ko ruwa na sayarwa da zai tilasta wa Allah amsa, riƙe kuɗinka. Umarnin yi wa maƙiyi addu'a kuwa, ban san wani abu mafi wuya a rayuwar Kirista ba. Sau da yawa baki ne ke farawa, zuciya ta biyo bayan watanni. A fara da bakin.

Azumi yana tafiya da addu'a, ko na kwana 40 kafin Ista da Katolika da Anglikan ke kiyayewa, ko wanda ikkilisiya ta sa, ko na mutum shi kaɗai. Sharaɗinsa biyu: kada a yi shi don a gani, kuma, kamar yadda Ishaya 58 ya nuna, kada a yi shi ana danne haƙƙin ma'aikaci.

Daga ɗaki sai tsakar gida. Addu'ar iyali ita ce ta fi saurin mutuwa a zamanin nan, talabijin da waya sun cinye lokacin da take. Ba ta bukatar dogon shiri. Bayan tuwon dare a zauna, a rera waƙa guda daga Littafin Waƙoƙi, yaro ya karanta 'yan ayoyi, a tambayi yaran abin da suka ji, mutum ɗaya ko biyu su yi addu'a. Masu amfani da ɗan littafin ibada irin Abincin Yini su karanta nassin da aka nuna tukuna, kada bayanin ya maye gurbinsa. Maigida, kada ka mai da zaman nan kotu inda ake tono laifin kowa, yaran za su tsane shi, su tsani abin da ake karantawa tare da shi. In kuma maigida ba ya nan ko ba ya so, uwa ta riƙe. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo, Bulus ne ya shaida haka.

Sa'an nan Lahadi. Wasu sukan ce tun da suna karatu da addu'a a gida, me za su je yi a coci, ga gulma ga neman kuɗi? Gulmar gaskiya ce, neman kuɗin ma a wasu wurare ya wuce kima, har a ba sanarwa da gidauniya sa'a guda, karatun Littafi minti biyar. Shugabanni su ji wannan. Amma wanda ke karatu shi kaɗai shekara da shekaru, ba mai gyara masa, yakan ƙare da Allahn da ya yarda da duk ra'ayinsa. Kuma akwai abin da ba ya yiwuwa a kaɗaice: ba ka yi wa kanka baftisma, ba ka ba kanka Jibin Ubangiji, ba ka koyon haƙuri da ɗan'uwa in ba ɗan'uwan. Wajen shekara ta 150, Jastin, wanda daga baya aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa, ya bayyana wa sarkin Roma abin da Kiristoci ke yi ran Lahadi. Suna taruwa, a karanta rubutun manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi a kai, a miƙe a yi addu'a tare, a ci gurasa a sha ƙoƙo, a tara gudummawa don marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Shiga majami'ar ECWA ko COCIN ko HEKAN ko ta Katolika a ƙauye yau, ƙashin bayan sujadar shi ne wannan, sai dai an ƙara da tulu da kacau-kacau na Zumuntar Mata. Kuma kada a rena waƙoƙin matan nan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san labarin Yusufu da na ɗan nan da ya ɓace ya komo daga bakinsu, tana kuma rera su a bakin murhu ran Talata.

Mai zuwa sujada yana da nasa aikin. Ya zo da Littafinsa, ya buɗe wurin da ake wa'azi a kai, ya bi da idonsa. An yaba wa mutanen Biriya don suna komawa Littattafai kowace rana su gwada abin da Bulus ya faɗa musu, Bulus fa. Fasto na kirki ba zai ji haushin wannan ba. Baiko a shirya shi tun daga gida, ba abin da hannu ya tarar a aljihu ba. In ana Jibin Ubangiji kuma ka san akwai wanda ba kwa ga maciji, Matiyu 5 ya sa sulhu gaba da baiko, je ka same shi tun ran Asabar. In an tashi, riƙe abu guda daga wa'azin ka shigar da shi addu'ar Litinin.

Za a yi fashi. Rashin lafiya, tafiya, girbi, ko kasala kawai, sai ka ga mako biyu sun wuce. Kada ka ce sai sabuwar shekara, kada kuma ka ɗora wa kanka ramuwar duk surorin da suka wuce ka. Koma inda ka tsaya. Ibada ba ta sayen ƙaunar Allah, wadda aka riga aka bayar a gicciye, don haka mai komowa ba ya bukatar ya biya tara a bakin ƙofa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, daren yau ka ciro Littafin daga akwati, ka kaɗe ƙurar, ka sa alama a Markus sura 1, ka ajiye shi inda hannunka zai kai da asuba. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gidanku ko a cocinku abin da ka ƙudura, ka roƙe shi ya tambaye ka ran Lahadi inda ka kai.